Yaro ya iya bugu amma ba ya saiti: laifin ƙafa ne ko na ido?

Koci Ɗanladi: Assalamu alaikum 'yan uwa masu horar da yara. Ina neman shawara. Ina riƙe da yara 'yan ƙasa da shekara 13 a unguwarmu a Kano, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A bugun fenareti, idan raga babu kowa, na ce wa yaro ya buga kusurwar dama, zai buga ta shiga. Da zarar gola ya tsaya ya buɗe hannuwa, sai ƙwallon ta tafi cikin gola kai tsaye. Ba yaro ɗaya ba, yawancinsu haka suke. Na gyara musu dasa ƙafa, na gyara yadda suke karkata jiki, amma shiru. Ina matsalar take?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Koci. Tsoro ne kawai. A ci gaba da atisaye, yau da gobe zai tafi.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Baban Ummi ya faɗi gaskiya cewa tsoro ne, amma ya kamata mu san ta wace ƙofa tsoron ke shiga har ya karkatar da ƙwallo. Ta ido yake shiga. Koci, gobe ka tsaya a bayan raga, kada ka kalli ƙafar yaron, ka kalli fuskarsa tun daga lokacin da ya ajiye ƙwallo har ya buga. Na tabbata za ka ga idonsa na kan gola.

An gwada wannan a Jami'ar Exeter da ke Ingila. A 2009 Mark Wilson da Greg Wood da Samuel Vine suka sanya wa 'yan ƙwallon jami'a tabarau mai na'urar da ke bin ƙwayar ido, suka sa su bugun fenareti sau biyu: da farko cikin kwanciyar hankali, sannan bayan an tayar musu da hankali da maganar kyautar kuɗi da kwatanta sakamakon kowa da na abokansa. Da hankali ya tashi, sai idonsu ya riƙa saurin komawa kan gola, ya kuma daɗe a kansa, ƙwallayen suka riƙa matsowa tsakiyar raga inda gola zai kai gare su cikin sauƙi. Ka lura, waɗannan manya ne da suka daɗe suna taka leda. To ina ga yaro ɗan shekara 11?

Koci Ɗanladi: Ikon Allah. Ni kuwa kullum abin da nake ce musu shi ne kada su buga wa gola.

Malam Nura: Wannan kalmar ma tana cikin abin da ke jawo shi. Idan ka ce wa yaro kada ya buga wa gola, ka ambaci gola, hankalinsa ya tafi can, ido ya bi hankali, ƙafa ta bi ido. Masu bincike a ƙasar Holan, Frank Bakker da Raôul Oudejans da abokan aikinsu, sun nuna haka a 2006: waɗanda aka ce wa su guji gola sun fi kallonsa, sun kuma fi buga ƙwallo kusa da shi, a kan waɗanda aka ce wa su buga inda babu kowa. Ka faɗa wa yaro inda kake so ya buga, ka bar sunan gola a bakinka.

Sagir Gola: Malam Nura, da girmamawa, ban yarda ba. Ni gola ne, na tsare raga a gasar unguwanni shekara da shekaru. Abin da na fi so a duniya shi ne mai bugu ya kalli kusurwar da zai buga. Ya gama faɗa mini. In kuka koya wa yara su zura wa kusurwa ido, kun koya musu tona asirin kansu. Manyan 'yan wasa gola suke kallo, su jira ya motsa, su jefa ta ɗaya ɓangaren.

Auwal na Jos: Sagir ya yi gaskiya. Dubi yadda Jorginho ke yi, ko Bruno Fernandes. Ɗan tsalle, ido a kan gola, sai a tura ta gefe.

Malam Nura: Sagir, maganarka tana kan hanya, amma kana magana ne a kan ƙwararru, Koci kuma yana magana a kan 'yan koyo. Mai jiran gola ya motsa yana buga ƙwallon da bai kalla ba, zuwa wurin da bai kalla ba, yana yanke shawara a taki na ƙarshe. Sai wanda ƙafarsa ta san ƙwallo ba tare da ido ba. Kuma ko Jorginho ɗin, Pickford, golan Ingila, ya tare masa a wasan ƙarshe na gasar Turai da aka buga a Wembley a 2021, saboda ya ƙi faɗuwa da wuri.

Mu yi lissafi. Tsakanin ɗigon fenareti da raga mita 11 ne. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Ƙwallon da babba ya buga da ƙarfi tana isa raga cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. In ta tafi dab da turke, ko gola ya san inda za ta, da wuya ya kai. In kuwa ta tafi kusa da shi, ko bai san komai ba zai iya tare ta da ƙafa. Saiti ya fi yaudara amfani ga yaro. In ya iya saiti, daga baya ya koyi ɓoye niyya.

Sagir Gola: Bugun yara ai ba shi da wannan saurin. Golan yara zai kai.

Malam Nura: Haka ne, amma golan yaran ma gajere ne, tsallensa bai kai turke ba. Kuma ba cewa na yi ya tsaya yana nuna kusurwa da yatsa ba. Kallo ɗaya ne mai natsuwa kafin ya taso, daga nan ido ya koma kan ƙwallo ya zauna a can har ƙafa ta taɓa ta.

Malama Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Ni malamar motsa jiki ce a makarantar 'yan mata a Kaduna, ƙwallon kwando nake koyarwa, kuma abin da Malam Nura ke faɗa ina ganinsa kullum a layin jifan kyauta, wato jifan da ake yi daga layi ba mai tare ka bayan an yi maka laifi. Yarinya sabuwar shiga idonta ba ya zama wuri ɗaya. Ta kalli ƙwallo, ta kalli allon bayan kwando, ta kalle ni, ta kalli ƙawarta da ke dariya a gefe, sannan ta jefa. Sau da yawa ma tana ɗaga kai ne a daidai lokacin da ƙwallon ke barin hannunta, wato ta jefa kafin ta ga kwandon da kyau. Wasu kuma suna sakin ƙwallo sai su bi ta da ido tun tana hannu, kai ya ɗaga, kafaɗa ta ja baya, jifan ya gaza.

Tushen wannan binciken ma daga ƙwallon kwando yake. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ce ta fitar da shi a 1996, bayan ta fara da masu wasan golf a 1992. Ta gano cewa kafin jiki ya fara motsin jifa, akwai kallo na ƙarshe da ido ke tsayawa cak a wuri guda, ta kira shi natsuwar ido. 'Yan wasan da suka fi iya jifan kyauta suna tsayar da ido a kan kwando kusan daƙiƙa ɗaya, waɗanda ba su kai su ba kuwa ba sa kai rabin daƙiƙa. Har ila yau, ɗan wasa guda ma, jifan da ya ci yakan zo da kallo mafi tsawo a kan wanda ya ɓarar.

Baban Ummi: Malama, me daƙiƙa ɗaya za ta canza? Kwando ai yana nan inda yake, ba gudu yake ba.

Malama Hadiza: Baban Ummi, miƙa hannunka gaba ka ɗaga babban yatsa. Faɗin farcen nan, kusan iyakar wurin da ido ke gani tangaran ke nan a lokaci guda. Duk abin da ke gefensa dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwa ce ke cike giɓin. Shi ya sa ido ke yawan tsalle daga wuri zuwa wuri, kusan sau uku a daƙiƙa, kuma a lokacin tsallen ƙwaƙwalwa ba ta karɓar hoto mai amfani. Kwandon yana sama mita 3.05, faɗin bakinsa santimita 45 ne kacal. Kafin hannu ya san ƙarfin da zai sa, sai ƙwaƙwalwa ta auna nisa da tsayi, ta tsara wa gwiwa da kafaɗa da wuyan hannu aikinsu. Wannan awon yana buƙatar ido ya tsaya. Yarinyar da idonta ke yawo tana jifa ne da awon da bai kammala ba.

Alhaji Mai Sunuka: Mu a teburin sunuka mun san wannan ba tare da an rubuta mana ba. Sabon yaro yana goga sanda yana kallon hannunsa. Wanda ya goge, idonsa na kai-kawo tsakanin farar ƙwallo da wadda zai buga, daga ƙarshe ya tsaya a kan wadda zai buga, sanda ta tafi. Kuma ba ya ɗaga kai sai ƙwallo ta gama tafiya.

Koci Isufu, Damagaram: Gaisuwa gare ku duka. Ina da ja a nan. Kuna ta maganar ido, amma yaron da bai san inda zai dasa ƙafar hagu ba, ko ya kalli kusurwa har gobe ba zai ci ba. Mu yadda aka koya mana, sai an gyara jiki tukuna: ƙafar tsayuwa a gefen ƙwallo, yatsunta na fuskantar inda za a buga, a ɗaure idon sawu, ƙirji a kan ƙwallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ka bar yaro ya saba da mummunan bugu saboda kana koya masa kallo, gyaransa zai yi wuya yana ɗan shekara 17.

Malam Nura: Koci Isufu, wannan ita ce muhawarar da su kansu masana ba su gama ba, don haka ba za mu raina ta ba.

Ɓangare ɗaya shi ne na Gabriele Wulf, wadda ta koyar a Jami'ar Nevada da ke Las Vegas. Tun 1998 take nuna cewa idan ka sa hankalin ɗan koyo a kan abin da ke wajen jikinsa, wato ƙwallo ko sanda ko wurin da ake hari, ya fi saurin koyo a kan wanda aka ce ya lura da hannunsa ko ƙafarsa. A wani gwaji na 2005 kan jifan kyauta, waɗanda suka sa hankali a kan kwando sun fi ci, kuma na'ura ta nuna tsokar hannunsu ba ta ɗaure kamar lokacin da suka sa hankali a kan wuyan hannu ba. Dalilin da ta bayar shi ne jiki ya iya daidaita kansa, amma idan mutum ya tsaya yana sa wa kowace gaɓa ido, sai motsin ya sandare.

Ɗaya ɓangaren yana goyon bayanka. Sian Beilock da abokan aikinta a 2002 sun sa mutane jan ƙwallo tsakanin alamomi. Ƙwararru sun lalace da aka ce su lura da gefen ƙafar da ke taɓa ƙwallo, amma sababbi sun fi kyau da wannan lurar a kan lokacin da aka raba musu hankali da wani aiki. Ƙwararrun ma da aka ce su yi da ƙafar da ba su saba da ita ba, lurar ta taimake su. Sannan a 'yan shekarun nan wasu masana sun sake bin tarin gwaje-gwajen da ke goyon bayan Wulf, suka ce an zuzuta girman amfanin, domin gwajin da bai nuna bambanci ba sau da yawa ba a buga shi.

Ni inda na tsaya: a gyara jiki, amma a gyara shi da harshen da ke kai hankali waje. Maimakon ka ce ya ɗaure idon sawu ya karkata ƙirji, zana layi a ƙasa gefen ƙwallo ka ce ya taka nan. Sa ɗigo a jikin ƙwallo da alli ka ce ya bugi ɗigon. Ƙafar za ta je inda kake so, kai kuma ba ka ambace ta ba.

Koci Isufu, Damagaram: Wannan na zana layi na karɓa. Amma har yanzu ina ganin akwai yaron da sai ka kama ƙafarsa da hannunka ka nuna masa.

Malama Hadiza: Akwai, Koci, kuma ba laifi ba ne. Abin da nake roƙo shi ne a raba lokutan. Lokacin gyaran jiki daban, kusa da kwando ko raga, babu ƙirga ci, babu 'yan kallo. Lokacin saiti kuma daban, a nan koci ya kama bakinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ka ga yarinya ta tsaya a layi, ta ɗaga ƙwallo, malami na gefe yana ta jero mata umarni: gwiwar hannu ciki, lanƙwasa gwiwa, saki da yatsu, kada ki ɓarar. Ina za ta sa hankalinta? Richard Masters ya nuna tun 1992 cewa waɗanda suka koyi wasa da tarin ƙa'idoji a ka sun fi rushewa idan hankali ya tashi, domin a lokacin tsoro sai su koma suna lissafa ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya yi harbi da danƙo yana yaro ya san ba wanda ya taɓa koya masa yadda zai riƙe gwiwar hannu. Idonsa na kan gwangwanin da aka ɗora a kan katanga, ya ja, ya saki, dutse ya wuce ta sama, ya rage. Hannu na gyara kansa daga abin da ido ya gani.

Auwal na Jos: To amma ana iya koyar da wannan natsuwar idon, ko baiwa ce? Domin in ƙwararru na yi saboda sun ƙware, koya wa sabo ba zai mai da shi ƙwararre ba.

Malam Nura: Tambaya mai kyau, Auwal. An gwada. Vine da Wilson sun ɗauki mutanen da ba su taɓa wasan ba, suka raba su biyu, a golf a 2010, a ƙwallon kwando a 2011. Rukuni ɗaya aka koya musu tsayuwa da motsin hannu yadda aka saba, ɗaya kuma aka koya musu inda za su kalla da tsawon kallon. Waɗanda aka koya wa kallo, da aka tayar musu da hankali ba su zube kamar ɗaya rukunin ba.

Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. Da Wood da Wilson suka yi irin wannan horon ga masu bugun fenareti, saitinsu ya ƙaru a atisaye, gola ya rage tare musu, sai dai da aka shirya musu bugun raba gardama na gaske, ratar da ke tsakaninsu da sauran ba ta tsaya yadda take ba. Fenareti ta fi jifan kyauta wuya ta wannan fuskar: akwai mutum a gabanka yana motsi, kuma wurin da kake hari daban, abin da za ka buga daban.

Sagir Gola: Yauwa. Mu kuma aikinmu ke nan, mu sace idon mai bugu. Rawa a kan layi, nuna masa gefe guda, ɓata lokaci wajen gyara safar hannu. Ku tuna Nwabali, golan Najeriya, a Bouaké a watan Fabrairun 2024, wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da Afirka ta Kudu, ya tare biyu muka ci 4-2. Gola mai cika raga da kwarjini yana sa ƙafar mutum ta yi sanyi.

Malam Nura: Ka taimake ni da wannan, Sagir. Tunda aikin gola ne ya sace ido, dole a koya wa yaro riƙe nasa. Akwai kuma gaggawa. Geir Jordet, masanin halayyar 'yan wasa ɗan ƙasar Norway, ya bi hotunan bugun raba gardama na manyan gasa, ya ga masu rugawa su buga da zarar alƙali ya hura usur sun fi ɓararwa a kan masu ɗan dakatawa. Mai tsoro so yake abin ya wuce. Yara kuwa kusan dukansu haka suke yi, usur na tashi ƙafa na tashi.

Hajiya Maman Khalifa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni uwa ce ba koci ba. Kafin a ce yaro ba ya natsuwa, a duba ko yana gani. Ɗana ya daɗe ana ce masa ba ya mai da hankali a fili, ashe daga nesa dishi-dishi yake gani, a aji ma sai ya matsa gaban allo. Da aka auna idonsa aka ba shi tabarau abubuwa da yawa suka canza. In kun ga yaro na ƙanƙance ido in zai kalli nesa, ku gaya wa iyayensa.

Malama Hadiza: Allah ya saka da alheri Hajiya, wannan gaskiya ce. A ƙara da kayan wasan. Yaro ɗan shekara 10 da aka ba shi ƙwallo lamba 5 ta manya, ko yarinya da ke jifa a kwandon manya, duk hankalinsu na tafiya wajen neman ƙarfin da zai kai ta, babu sauran na saiti. Lamba 4 ta fi dacewa da ƙananan 'yan ƙwallon ƙafa, kwandon yara kuma mita 2.60 ne. In babu shi, a matso da layin jifan gaba.

Koci Ɗanladi: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Malam Nura, a taƙaice me zan ce wa yaro in ya ajiye ƙwallo? Ba na so in cika shi da magana kamar yadda Malama ta ce.

Malam Nura: Ɗaura tsumma mai launi a cikin raga, ƙasa-ƙasa kusa da kowane turke. Yaro ya zaɓi gefensa tun kafin ya ajiye ƙwallo, kuma ba ya canzawa. Ya ja baya, a hura usur, ya ja numfashi ɗaya idonsa a kan tsumman, sannan ya sauke ido kan ɗigon allin da ke jikin ƙwallo, kada ya ɗaga kai sai ya ji ta bar ƙafarsa. Kalma biyu kawai za ka riƙa faɗa: tsumma, ƙwallo. Ka fara babu gola, sannan gola a tsaye ba motsi, sannan ka bar golan ya yi duk abin da Sagir ya lissafa, sauran yara kuma su yi ihu a baya. In kana da waya, wani ya tsaya bayan raga ya ɗauki fuskar yaron, ka nuna masa inda idonsa ya tafi.

Sagir Gola: Koci, in ka kai matakin ƙarshen ka kira ni, zan zo in tsaya musu. Amma ina nan a kan bakana: daga shekara 15 sai an fara koya musu ɓoye kallon.

Koci Isufu, Damagaram: Ni kuma kada a cire tsumman da wuri. A bar shi har sai yaro na kaiwa kusa da shi a yawancin bugunsa, sannan a cire na gefe ɗaya a ga ko saitin zai tsaya.